Na Ce Su Bi Hannun Dama

Kafin in ci gaba, akwai wani a cikinku da ya rubuto wancan makon yana cewa wai tsoho ɗan shekara sittin da bakwai ya rasa abin yi sai soyayya. An karanta mini. Na gode, ɗana. Allah ya kai ka shekaruna da haƙoranka cif kamar nawa, sannan mu ji bakinka.

Wanda yau ya fara shigowa, ni ne Baba Boila na kamfanin wanki da guga, inda ake wanke zanen gado da tawul na otal-otal da asibitoci. Shekara talatin da huɗu ina kula da tukunyar da ke dafa ruwa tana tura tururi zuwa injinan guga. Manaja biyar na ga zuwansu, huɗu na ga tafiyarsu. Sau biyu aka yi rage ma'aikata, guguwar ta wuce ta bar ni tsaye. Bututu ya taɓa fashewa a gabana, ga tabon nan daga gwiwar hannu har kafaɗa. Kwana tara na yi a gadon asibiti, na goma na dawo na ɗaure shi da hannuna. Ban taɓa zama a aji ba. Wannan ma ba ni ke rubutawa ba, babbar 'yata ce, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata gare ta. Ina faɗa tana latsa waya, tana harara ta.

Wadda ake labarin a kanta kuwa tana ɗakin guga. Mijinta ya rasu shekara takwas, matata shekara bakwai. Duk kamfanin Gwaggo suke ce mata. Ni ban taɓa ba, don ba ƙanwar mahaifina ba ce. Mai Kari nake ce mata, saboda in ta goge wando, karin zai iya yanka maka yatsa. Shekara shida kullum ƙarfe goma nakan kai mata shayi a kofin silba mai murfi, in tsaya bakin ƙofa in ba ta labari, ta sha, ta miƙo mini kofin ta ce, "Madalla, Malam." Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan a baki. A zuci kuwa, ku bar shi kawai.

Yau laifina zan faɗa. Uwata ta ce ba ta taɓa jin na faɗi laifina ba, har ta gyara zama.

Ran Litinin ta makon jiya aka tara mu a ɗakin cin abinci. Mako uku kafin nan an raba mana takardar jin ra'ayin ma'aikata, shafi huɗu, kowace tambaya da gidaje biyar a gabanta, ka sa alama a ɗaya. Manaja ya yi alkawarin cewa gyaran bana, sashen da ya fi kuka shi za a yi wa. To ran nan ya hau kan ɗan dandamali da farar rigarsa, fuska sai sheƙi, ya ce:

"Jama'ar ƙasa, kun faranta mini. Wanki, guga, ninki, boila: kashi casa'in da bakwai cikin ɗari kun ce kun gamsu ƙwarai. Mutanen ofis na saman bene ne suka koka da kujeru da na'urar sanyi, don haka gyaran bana sama zai hau."

Aka yi tafi. Ni na fara tafawa ma, da ƙarfi, don in nuna aikina ne. Ai kuwa aikina ne. Shekara ashirin da suka wuce an taɓa raba irin takardar nan. Waɗanda suka zazzage cikinsu, da aka tashi rage mutane su aka fara kira. Wani tsohon akawu ya raɗa mini tun a lokacin: gidan ƙarshe na hannun dama shi ne "komai lafiya", ka bi shi daga sama har ƙasa, ka kwana da aikinka. Na riƙe wannan kamar layar kaka. Da takardar bana ta zo, na zagaya sashe-sashe ina cewa, "Ku bi hannun dama. Ni na ga jiya." Wa zai yi musu da Baba Boila?

Ina cikin tafin na juya, sai idona ya faɗa a na Mai Kari. Tana zaune a benci na uku da shuɗin mayafinta mai ɗigon fari, hannayenta a cinya. Ba ta tafa ba.

Da aka watse ta tare ni a lungun da ake jera kwandunan tawul.

"Malam, ran da aka raba takardar nan, me na tambaye ka?"

Na tuna sarai. Ta zo mini da takardarta ta ce, kai da ka iya karatu, nuna mini gidan mai ciwon gwiwa. Ni kuwa shekara talatin da huɗu kamfanin nan kowa ya ɗauka na iya karatu. In an miƙo mini takarda sai in shafa aljihu in ce, kash, na baro tabarau a gida, karanta mini. Ranar nan kuwa a gabanta ne, kunya ta hana ni ko wannan dabarar. Na riƙe takardar, na yi kamar ina bin layi da ido, na ce, "Dama. Dama duka."

"Na ɗauka kukana nake rubutawa," in ji ta. "Ashe godiya na rubuta."

"Mai Kari, ai don lafiyarki na yi. Ba ki san mutanen nan ba, ni na..."

"Ɗana ya daɗe yana matsa mini in ajiye aiki in koma wurinsa. Na ce masa an raba takarda, in aka gyara ɗakin guga zan zauna, in ba a gyara ba ƙarshen wata ya zo ya ɗauke ni. Asabar ta sama zai zo."

Ta ɗauki kwandonta ta wuce, tana ɗan jan ƙafar dama. Garin da ɗan nan nata yake, mota kwana guda take yi. Na ƙirga da yatsu: kwana goma sha biyu.

Da na koma gida da yamma, ko rigar aiki ban cire ba na zauna bakin gado. Ɗakin nan dai kun san shi: gado, kujera ɗaya mai hannu, rediyo a kan taga, ƙusa uku a bango, ɗaya ta riga, ɗaya ta hula, ɗaya babu komai tun rasuwar uwar yaran. Waya ta yi ƙara, saƙon murya daga Uwata: "Baba, ɗakin nan na baya fa an yi masa fenti. Ka ajiye wahalar nan ka dawo wurinmu. Jikokinka kullum sai sun tambaya. Me ka rasa da kake wa tukunya bauta?" Na saurara sau biyu. Ban amsa ba. Ga ta nan tana cewa ta ga alamar na saurara. To na saurara ɗin.

Washegari da hantsi ina duba allurar agogon boila sai na ji takun takalmi mai tsini a kan matakalar ƙarfe. Malamar ofis ce, wadda aka ɗauka bara don kula da harkar ma'aikata, ita ta shirya takardar. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, koren gyale ta yafa, ta rungumo takardu fal.

"Sannu da aiki, Baba. Zan iya zama?"

Na goge mata kan durowa da tsumma. Ta zauna ta baje takardun a gwiwarta.

"Takarda arba'in da ɗaya ke nan. Duk layi ɗaya suka ja a hannun dama, kamar da rula. Baba, ka san me tambaya ta goma sha tara ta ce?"

Na shafa aljihu. "Kash, Malama, tabarau..."

"Cewa ta yi: kana tunanin barin aikin nan? Gidan dama kuwa: ƙwarai da gaske. Wato mutum arba'in da ɗaya sun gamsu ƙwarai, kuma dukansu tafiya za su yi. Ta talatin da biyu kan hutun haihuwa ce. Direbobinmu maza shida sun ce sun ji daɗinsa matuƙa."

Dariya ta so kuɓuce mini, na mayar da ita tari. Sai ta zaro guda ɗaya ta miƙo. A kusurwarta ga shatin babban yatsa na baƙin mai, ɓaro-ɓaro.

"Na tambayi mutum huɗu wa ya koya musu, babu wanda ya faɗa. Suna ƙaunarka, Baba." Ta nuna ƙirjina da yatsa. "Kuma tabaraunka ga shi nan a aljihun ƙirjinka. Kullum a nan yake."

Jama'a, bututu ya fashe a gabana ban runtsa ba, amma maganar nan ta sa na nemi wurin zama. Na ce a raina shi ke nan, yau Baba Boila ya ga ƙarshensa, yarinya sa'ar autata za ta kai ni gaban Manaja. Na cire hular aiki na ce, "Ban iya ba, Malama. Ko harafi ɗaya. Ki rubuta abin da za ki rubuta."

"Ba ƙararka na zo kaiwa ba. Laifina ya fi naka. Tambaya hamsin da biyu na kwaso daga wani wuri na juye. Na sa suna da lambar aiki a sama. Na sa shugabannin sashe su karɓa. Ni ma da a ƙasa nake aiki, dama zan bi. Na je wa Manaja da takardun nan jiya, ya ce Alhamis ta sama zai sa hannu a kan gyara, in ina da wata gaskiyar in kawo kafin nan. Mutanen nan kai suke ji. Ka taya ni mu sake."

Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ya ba ta miji mai jin magana. Uwata, rubuta wannan da kyau.

Kwana biyu muka yi, duk lokacin hutun rana tana saukowa da littafinta. Ita ke karantawa, ni ke yankewa. Kuma ba yabon kai ba, wanda bai yi aji ba ne ya gyara takardar mai digiri.

"Shin ka gamsu da albashinka da yanayin wurin aikinka?"

"Tsaya nan. Mutum biyu kika ɗora a keke ɗaya. In albashi ya yi mini, wurin bai yi ba, wane gida zan shiga? Raba su."

Ta raba.

"Kuma wannan 'gamsu' ɗin, cire ta. Mutanen nan in kika tambaye su ko sun gamsu, ji suke kamar kin ce ko sun gode wa Allah. Wa zai ce a'a? Wanda ƙafarsa ta kumbura ma cewa zai yi alhamdulillahi. Kada ki tambayi zuciya, tambayi jiki. A makon jiya kwana nawa ka tashi aiki da ciwo? Sau nawa ka nemi safar hannu ka rasa? Abin da mutum zai ƙirga ba ya jin kunyar faɗinsa."

Ta dube ni, ta rubuta da sauri. Sai ta karanto wata: "Shin ba ka ganin sabon tsarin da Manaja ya kawo ya inganta aiki?"

"Wannan ai ba tambaya ba ce, gaisuwa ce. Kin riga kin sa wa mutum amsa a baki."

Haka muka yi ta sara har hamsin da biyu suka koma goma. Gidaje biyar suka koma uku, ta zana musu fuska: mai murmushi, mai shiru, mai ɗaure. Ita ta kawo dabarar a riƙa sauya musu wuri, wani layin mai murmushi tana dama, wani tana hagu, don kada wani tsoho ya sake koya wa jama'a jan layi. Da ta faɗi haka ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Ni na ce a cire suna, a cire lamba, biro ya zama iri ɗaya, shugaban sashe kada ya ko leƙo ta taga. Ta ƙarshe ta bar ta a buɗe: in abu ɗaya za a canza maka gobe, mene ne? Mai iya rubutu ya rubuta, wanda bai iya ba ya same ta ita kaɗai ya faɗa, ba ta rubuta suna.

Ran Alhamis ta ce, "Baba, ba a raba takarda sai an gwada ta a kan mutum ɗaya tukuna, a ga inda take tuntuɓe. Wa za mu samu?"

Kun san wa na kawo.

Mai Kari ta zo ɗakin boila karon farko a shekara shida. Kwana uku ke nan ina kai shayi ana dawo mini da kofin a cike. Ta zauna a kan durowar da na shimfiɗa wa sabon tawul, ta gyara mayafi, ba ta dube ni ba. Malama ta ce tunda na haddace tambayoyin, ni in yi, ita ta saurara. Na gyara murya.

"Mai Kari, abin da ya fi damunku a ɗakin guga, ai zafi ne ko? Na sani, zafi ne. Ni da na shekara talatin da huɗu a bakin wuta, wa zai gaya mini zafi? Lokacin manaja na biyu, wata rana..."

"Eh," in ji Mai Kari.

"Kin ji ko, Malama? Rubuta zafi."

Malama ta ajiye biro. "Baba, wa ya amsa?"

"Ita mana."

"Kai ka tambaya, kai ka amsa, kai ka kawo hujja. Gwaggo 'eh' kawai ta ce. Shekaranjiya wa ya ce mini wannan gaisuwa ce ba tambaya ba?"

Sai Mai Kari ta ɗago. Ba ni ta yi wa magana ba, Malama ta yi wa.

"'Yata, shekara shida haka yake tambayata. Shayin ya yi daɗi ko, ai na san ya yi. Kin gaji ko, ai gajiya sai mu. Ban taɓa gama buɗe baki ba ya wuce manaja na biyu. Shayin nan sukari ya yi masa yawa tun ranar farko, likita ma ya hana ni. Sha nake don kada ya ji babu daɗi."

Uwata, daina dariyar nan ki rubuta.

Malama ta ce, "Sake, Baba. Tambaya ɗaya, sannan ka rufe baki har sai ta gama. In shirun ya dame ka, dubi agogon boila."

Na sake. "Me ya fi damunki a ɗakin guga?" Na kafe ido a kan allura. Wallahi ban san shiru yana da nauyi haka ba. Labari uku suka taso mini har maƙogwaro, na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

"Siminti," in ji ta a hankali. "Awa takwas a tsaye a kan siminti tsura, babu abin jingina. Sai fedar injin, ta yi tauri, sai ka taka da dukan ƙarfinka, sau ɗari nawa a yini, da ƙafa ɗaya. Zafi mun saba." Ta ɗago ta dube ni. "In ban da na safe."

Na buɗe baki, Malama ta ɗaga yatsa. Na rufe.

"Tururin da kake turo mana da safe ya fi ƙarfin injinan. Feshi yake ta gefe, yana ƙona mana hannu. Dubi." Ta janye hannun rigarta kaɗan, ga ɗigo-ɗigon tabo a wuyan hannu. "Duk ɗakin mun sani. Babu mai iya gaya maka, don kullum kana alfahari allurarka ba ta taɓa sauka ba."

Na tashi na je na kama bawul ɗin da ke kai tururi ɗakin guga, na sassauta shi da hannun nan mai tabo, a gabansu, har allura ta sauko inda ya kamata ta tsaya tun shekarun baya. Da na juyo, Mai Kari tana kallon hannuna.

Gwajin ya fito da wasu kurakurai biyu. Tambaya ta huɗu ta ce "kayan kariya", Mai Kari ta ce su safa da takalmi suka sani, aka canza. Ba mu sa maganar tsayuwa ba sam, aka cire wata aka sa ta. Da ba a gwada ba, da mun sake tambayar mutane abin da mu muke zato.

Ran Litinin aka sake tara jama'ar ƙasa, babu manaja, babu shugaban sashe. An yanka kwali an kafa tsakanin mutum da mutum a kan tebura. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo yana tsakiyar ɗaki. Malama za ta karanta kowace tambaya sau biyu da babbar murya, kowa ya sa alamarsa. Amma na ga ido duk a kaina, ana jiran in yi inkiya da hannun dama. Sai na miƙe.

Na zaro tabarau daga aljihu na ɗaga sama. "Kun san wannan? Shekara talatin da huɗu yana aljihuna ina ce muku yana gida. Ban iya karatu ba. Abin da na koya muku wancan karon, tsoro na koya muku, ba wayo ba. Ya raya ni a zamaninsa, amma bana ya cuci mutanen da ban so ya cuta ba. Yau kowa ya bi ciwonsa. Ni ma nawa zan bi."

Can wani direba daga baya ya ce, "Baba, to hutun haihuwar namu fa?" Aka fashe da dariya har da masu buga tebur, tsoron ya bi ta taga. Minti ashirin aka gama.

Ran Laraba Malama ta karanta sakamakon a gabanmu kafin ma ta hau da shi sama, ta ce wanda aka tambaya yana da haƙƙin ya ji abin da aka samu. Ɗakin guga, mutum goma sha huɗu cikin sha shida sun tashi aiki da ciwon ƙafa fiye da kwana uku a mako. Manaja da kansa ya sauko, ya taka fedar injin sau biyar da takalminsa mai sheƙi, ya tsaya yana haki. Ban ce komai ba, kuma ku shaida wannan ma ci gaba ne. Jiya Alhamis ya sa hannu: tabarmar roba mai kauri a gaban kowane inji, kujeru masu tsawo na jingina, a canza fedoji, a ƙara hutun minti goma da rana. Aka manna takardar a ƙofa, Malama ta karanta mana ita layi-layi. Mutanen ofis za su jira baɗi da kujerunsu. Babu wanda aka kira, babu wanda aka kora.

Amma Mai Kari ba ta ce za ta zauna ba. Ɗanta gobe zai iso.

Yau Juma'a ƙarfe goma na kai shayi, babu sukari ko ƙwaya. Ta kurɓa, ta dubi kofin, ta shanye. Na dawo na kasa zama. Da aka tashi aiki na wanke hannu sau uku da sabulun wanki, na tsaya bakin ɗakin guga har kowa ya fita. Tana ninke rigar aikinta, ta mayar da shuɗin mayafin nan. A hanya na shirya jawabi mai tsawo: yadda na tsira daga bututu, yadda ɗakina yake da iska, yadda garin ɗanta ba zai karɓe ta ba, ai kin fi son nan ko, na san kin fi so. Da na buɗe baki sai na ga kamar yatsan Malama a sama.

Na ce, "Mai Kari, me kike so?"

Babu agogon boila a wurin, sai na kafe ido a kan wani maɓalli da ya faɗi ƙasa. Injinan suna hucewa, ƙarfe yana ƙas, ƙas. Na ƙirga har arba'in.

"Ina so in ga tabarmar nan da idona," in ji ta. "In taka ta. Ina son aikina, Malam, ba na son in je in zauna a gidan suruka ina kallon bango. Zan gaya wa ɗana ya koma shi kaɗai."

Na ce, "Alhamdulillahi." Na sake cewa. Na juya zan tafi kafin in ɓata abin da baki.

"Shi ke nan tambayar?"

Na tsaya. "Malama ta ce ɗaya-ɗaya ake yi."

"Ta yi gaskiya." Ta rataya jakarta a kafaɗa, ta zo ta wuce ta gabana, a bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba. "Ta biyun da kake ɗauke da ita a kofin silba shekara shida, ba a ɗakin guga ake yin ta ba. Ɗana zai iso da hantsi. Ka zo gida ka yi ta a gabansa. Kuma Malam, in ka yi, ka jira amsar."

Daga can nan na zo gidan Uwata ko ruwa ban sha ba, na ce ɗauko waya. Ta rubuta har inda kuka karanta, sai ta kife wayar a cinya ta daɗe tana kallona. Na ɗauka maganar ɗakin baya mai sabon fenti za ta tayar. Sai ta ce, "Baba, kai me kake so?" Ta kama bakinta ta yi shiru. Ashe tana rubutu tana ɗaukar darasi. Na gaya mata. Ta share ido da gefen ɗankwali, ta aika mijinta ya ɗauko farar rigata ta fita kunya, ta jona dutsen guga da kanta.

Ga rigar can a rataye a ƙofa yanzu. Na gode wa Allah, na gode wa Malama, na gode wa 'yar nan tawa. Amma karin hannun hagu ya karkace, ina ganinsa daga nan, kuma matar da zan tsaya a gabanta gobe da hantsi za ta gan shi tun daga bakin zaure. Uwata ta ce in bar shi haka, in Mai Kari ta gani ta gyara, to na samu amsata.